Ustaza Kausar da Matan Bakin Teku

Kafin rana ta gama fitowa a Izbat el-Burg, Ustaza Kausar Hawwas ta riga ta sauko daga benenta da kwano a hannu. Takan tsaya wajen mai dafaffen wake na bakin kwana, ta ce masa ya rage mai, shi kuma ya ƙara, kamar yadda suka saba shekara da shekaru. Ta sayi gurasa biyu, ta gangara gaɓa, inda matan masunta suke baje taru suna ɗinke wuraren da ya yage. Nan take karin kumallo, zaune a kan kifaffen akwatin kifi. Ta san wadda mijinta ya kwana ashirin a teku, ta san wadda ƙafarta ke kumbura, ta san wadda ba ta magana da surukarta tun ƙaramar salla. Idan ta gama sai ta hau jirgin fito ta haye Nilu zuwa Ras el-Barr, inda ta yi shekara talatin da 'yan kai tana koyar da ɗaukar hoto a wani ƙaramin gidan raya al'adu. A kan ruwan take rubuta waƙoƙinta, cikin ɗan littafin da ya sha gishiri har bangonsa ya lanƙwashe.

Har watan jiya, akwai jakar kyamara a kafaɗarta ta hagu. Yanzu babu. Likita ya ce ciwon idon nata ba irin wanda aiki ke gyarawa ba ne, ita kuma ta ce ba za ta ɗauki fuskar mutum alhali ba ta ganin abin da ke cikin fuskar ba. Shekarunta saba'in da biyu. Ta yi fim goma sha ɗaya, duk na gaskiya, babu ɗan wasa ko ɗaya a ciki, ta kuma buga sirara-siraran littattafan waƙa guda uku. Ba ta da lambar yabo a bango. Idan ka buɗe manyan littattafan da ke lissafa masu fim na Masar, da ƙyar ka ga sunanta.

Ni ce Tereza Fanus, 'yar unguwar Shubra a Alƙahira. Sana'ata yanka fim da haɗa shi, kuma duk fina-finan nan goma sha ɗaya ta hannuna suka bi. Saboda haka ba labarin ji nake ba ku ba.

Ranar da muka fara haɗuwa ta shigo ɗakin aikina da gwangwanayen fim shida a cikin buhun albasa. Da na ji daga ƙasar Dumyat take, sai na tsokane ta da abin da kowa ke tsokanar mutanensu da shi.

“Ashe ku ne masu tambayar baƙo, za ka ci abinci ko ka fi son ka kwana cikinka wasai?”

Ta ajiye buhun ta dube ni. “Mu ne. Ke fa, za ki yi aiki ko kin fi son ki yi ta surutu?”

Tun daga ranar muke tare.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau ya faru ne a shekararmu ta uku. Tana ɗaukar fim a kan matan da ke ɗinkin taru. Wata safiya, ragowar fim kaɗan ta saura a kyamara, sai ta juya ta ɗauki wani jirgin kamun kifi da ke fita, don kawai kada ragowar ta tashi a banza. Jirgin na wani Hajji Subhi ne, sunan jirgin Amanar Allah. Bayan kwana goma sha ɗaya guguwar hunturu ta taso. Sauran jirage suka dawo ɗaya bayan ɗaya, shi bai dawo ba. Daga baya aka tsinci katakansa da durom ɗin mai biyu.

A takarda, mutum tara ne a jirgin. Gidaje tara suka shimfiɗa tabarmin makoki, mata suka sa baƙi. Amma akwai gida na goma. Wata matashiya mai suna Zakiyya, uwar yarinya ɗaya 'yar shekara uku da ake kira Nadya, ta ce mijinta Garib ma a jirgin ya fita. Takardarsa ta shiga teku ta ƙare, shi ya sa ba a rubuta shi ba. Hajji Subhi, don tsoron hukuncin ɗaukar mutum ba takarda, ya ce shi bai ga Garib ba ranar. Daga nan bakin gari ya buɗe. Wasu suka ce ya tsallaka Girka, wasu suka ce ai an daɗe da sanin yana da wata mace a birnin Bur Sa'id. Zakiyya ta zama ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Idan ta sa baƙi a ce wa take wa makoki, idan ba ta sa ba a ce ga shi ita ma ta san yana raye. A layin gidan burodi mata kan yi shiru idan ta iso.

Wata biyu tana cikin wannan hali, sannan ta hau benen Kausar. Ba ta yarda ta zauna ba.

“Ustaza, ranar nan kina gaɓa da abin nan naki. Na gan ki kin juya shi wajen ruwa.”

“Na juya, Ummu Nadya, amma jirgin ya yi nisa, rana kuma tana dukan ido.”

“Ki duba mini. Ko da ƙeyarsa ce zan gane.”

Washegari Kausar ta iso Alƙahira. Sai da gabana ya faɗi, domin ni da hannuna na yanke wannan wurin na jefar tun makonni. Hoton yana rawa, haske ya yi masa yawa, ba shi da amfani a fim. Allah ya taimaka ba a kwashe sharar ba, tana nan cikin manyan buhuna bakwai a bayan ƙofa, guntayen fim na mutane daban-daban a cakuɗe kamar taliya. Muka zazzage su a ƙasa. Kwana huɗu muna ɗaga guntaye ɗaya-ɗaya a hasken taga. A rana ta huɗu da la'asar ta ce, “Tereza, zo.”

Daƙiƙa biyu ne kacal. Maza a kan jirgi, baƙi-baƙi saboda rana. Can gefe wani yana naɗe igiya, ya juyo rabin fuska, sannan fim ya ƙare. Muka sa gilashin ƙara girma muka ƙirga kawuna. Goma.

Na ce mata, “Kin san abin da za ki kai wa Zakiyya? Mutuwa za ki kai mata. Yanzu ko ba komai tana iya cewa wataƙila.”

Ta ce, “Ita ba ta taɓa cewa wataƙila ba. Ta sani tun ranar farko. Abin da take nema shi ne wani ya sani tare da ita.”

Na bi ta zuwa Izba, wato Izbat el-Burg, karo na farko da na je garin. Ta ari rumbun ajiye taru, aka toshe tagogi da buhuna bayan sallar azahar, aka rataya farin zanin gado. Ta gayyaci liman, da dattawan masunta, da matan gidajen nan tara. Hajji Subhi kuwa har gida ta je ta kira shi, cikin ladabi, ba ta faɗa masa dalili ba. Ba ta yi jawabi ba. Ta kunna na'urar haska fim, daƙiƙa biyun suka wuce, ta mayar baya ta sake. A karo na uku wata tsohuwa ta kira sunan ɗanta. A na huɗu Zakiyya ta miƙe ta tafi har gaban zanin, inuwarta ta rufe rabin jirgin.

“Ku dubi hannun rigar sanyinsa. Na hagu ya fi duhu. Zare ne ya ƙare mini, na ƙarasa da wani. Ni na saƙa ta.”

Kausar ba ta dubi Hajji Subhi ba, ta dai sake mayar da fim ɗin. Sai muka ji muryarsa daga baya, a dishe.

“Ya isa, Ustaza. Shi ne. Garib ne. Ni na ce ya hau.”

A makon ya je da ƙafarsa ya ba da shaida a hukuma, ya kuma karɓi abin da ya biyo baya. Na tambayi Kausar me ya hana ta kai hoton wurin 'yan sanda tun farko. Ta ce idan aka matse shi zai amsa a takarda ne kawai, gari kuma ba ya karanta takarda. Gara ya faɗa da bakinsa a gaban waɗanda suka ji ya musa.

Ranar da aka shimfiɗa wa Garib tabarmin makoki, matan da suka yi shiru a layin burodi su ne suka fara isowa da tukwane. Zakiyya ta aika a kira Kausar, ta ce ta zo da kyamara. “A ɗauka. A ga ni ma ina da mamaci.” Ta zauna a ƙasa ta jingina da bango, ta fara waƙar makoki irin ta matan bakin ruwa, tana kiran sunansa, tana tambayar teku a ina ta ajiye shi, tana gaya masa abin da aka ce a kansa. Minti huɗu ba ta tsaya ba, kyamara ma ba ta motsa ba. Na yi shekara arba'in ina kallon fuskoki a teburin aikina, ban ga abin da ya kai wannan ba.

Bayan shekara ɗaya da rabi muka gama fim ɗin. Wani babban bikin fina-finai a Turai ya zaɓe shi cikin waɗanda za su yi takara. Mutumin da ya rubuto wasiƙar bai ɓoye ba, ya ce minti huɗun nan su ne fim ɗin. Ni har na ɗinka riga. Irin wannan ƙofa sau ɗaya take buɗe wa mace mai ɗaukar matan masunta da aron kyamara.

Amma Kausar tana da ƙa'ida: ba ta kai fim ko'ina sai waɗanda ke ciki sun fara gani. Aka sake rataya zanin gado a rumbu. Mata suka yi ta shewa suna nuna juna, wannan ta ce dubi bakinki, waccan ta ce ai kyamarar ce ta ƙara mini ƙiba. Sai aka zo wurin kukan Zakiyya. Ta kalla har ƙarshe, ta ja hannun 'yarta suka fita.

Da safe ta zo benen Kausar da soyayyen kifi a faranti. Ina nan zaune. Ta daɗe tana gyara bakin mayafinta kafin ta yi magana.

“Ustaza, kin yi mini abin da uwata ba ta iya yi mini ba. Kunya nake ji in roƙe ki.”

“Faɗi, 'yar uwa.”

“Ranar nan so nake duniya ta ji. To waɗanda nake so su ji sun ji. Can inda za ki kai ni, ba su san Garib ba, ba su san ni ba. Kuma Nadya za ta girma. Ba na so duk inda ta shiga a ce ga 'yar matar nan mai kuka.”

Na yi caraf na ce, “Ummu Nadya, ai kin dangwala hannu a takardar amincewa.”

Ta ce, “Na dangwala, Madam.” Ta sunkuyar da kai.

Kausar ta ja farantin gabanta, ta ɓare kifi ɗaya, ta ce, “Gishirin ya yi daidai. Je ki gida, Zakiyya. Za a cire.”

Ba zan ƙawata abin da na yi ba. A mota har Alƙahira ban bar ta ta huta ba. Na ce a rufe fuskar a bar muryar. Ta ce muryar ma tata ce. Na ce a nuna a Turai kawai, wa zai sani a Izba? Ta ce ita za ta sani. Da muka isa ɗakin aiki na harɗe hannuwa na ce na rantse da Budurwa, irin rantsuwarmu ta Kirista, ba zan sa almakashi a wurin nan ba.

“To kowa ya yi wa annabinsa salati,” in ji ta, “ki ba ni almakashin.”

Ta yanke da kanta, yankan ma a karkace, don ba ta iya ba. Na ce mata, “Kin kashe fim ɗin nan, kin kashe wahalata ta shekara biyu, saboda matar da ba ta san ma mene ne fim ba.”

Ta naɗe guntun ta sa a gwangwani. “Tereza, kukan nata ne. Aro ta ba mu. Mai abu ta zo karɓar abinta, sai in ce mata na riga na yi ado da shi?”

A gurbin da ta yanke ta sa hoton teku kwance, babu jirgi babu mutum, ta karanta baiti huɗu da muryarta:

A nan wata mata ta yi kuka,
Na ji, teku ma ta ji.
Ta ce a mayar mata da abinta,
Ku zauna, ku kalli ruwan.

Masu bikin suka amsa da wasiƙa mai ladabi, suka cire fim ɗin daga takara. Ba su sake nemanta ba. Gwangwanin kuwa ta kai wa Zakiyya har gida.

Wata bakwai ban yi mata magana ba. Rannan sai ga ta a ƙofata da agwagwa dafaffiya, an cusa mata albasa irin ta mutanen Dumyat, da sabbin gwangwanaye a buhu. Na ce, “Mutumin Dumyat da kyautar agwagwa sukutum? Lallai tashin duniya ya kusa.” Ta ce, “Rabi naki ne, rabin zan koma da shi.” Muka ci, muka koma aiki. Ba ta ce in ba ta haƙuri ba, ni ma ban bayar ba. Muka yi sauran fina-finan, na masu gishiri, na matan da ke ɓare jatan lande, na tsohuwar unguwarzomar da ta karɓi haihuwar rabin garin. Amma a zuciyata ban daina ganin ta yi wauta ba. Duk lokacin da na ga an karrama wani da fim ɗin da bai kai rabin namu ba, sai in ji abin ya taso mini.

Watan jiya matan Izba suka haɗa mata ɗan taron sallama a gaɓa, da rana tsaka, da shinkafar masunta da gasasshen kifi. Babu jami'i ko ɗaya, babu ɗan jarida. Wata mata mai jiki, mai yawan dariya, tana rabon abinci tana yi wa kowa tsiya, jika a saɓe a kafaɗa. Sai da ta ce, “Madam Tereza, har yanzu ba kya cin kan kifi?” sannan na gane Zakiyya ce. Ta haɗa ni da Nadya, wadda yanzu malamar lissafi ce a makarantar 'yan mata. Na kasa haƙuri, na ja Nadya gefe na tambaye ta ko ta san da gwangwanin.

“Yana cikin akwatin Mama. Ta ba ni labarinsa a makon bikina, ta ce idan ina so a nemo na'ura in gani.”

“Kin gani?”

“A'a. Hoton Baba dai na gani, Ustaza ta wanke mana shi, yana bango. Wancan kuwa, ga Mama can tana faɗa da mutane a kan cokali. Me zan je nema a gwangwani?”

Na tsaya ina kallon Zakiyya. Shekara kusan talatin tana yawo a garinta da fuskar da ta ga dama, babu baƙon da ya taɓa sauka daga mota ya ce a nuna masa matar nan mai kuka. Na koma na zauna kusa da Kausar. Ta ce, “Wace ce? Tereza? Kin yi shiru, ba ki da lafiya ne?” Na ce lafiyata lau. Ban iya faɗa mata a wurin ba, shi ya sa nake faɗa a nan, inda za a karanta mata.

Kausar, na janye maganata. Ba ki kashe fim ba. Ni ce na ɗauka fim ya fi mutumin da ke cikinsa.

Ke ce kika zauna a ƙasa kwana huɗu kina tonon shara saboda matar da ba ki haɗa komai da ita ba. Ke ce kika bar wa mai laifi hanyar da zai faɗi gaskiya da bakinsa. Ke ce aka buɗe miki ƙofar da kowa a sana'armu yake mafarki, kika dubi abin da za ki taka kafin ki shiga, kika fasa. Ido mai kunya, ta bakin ruwa, wadda ba ta ɗauka sai an ba ta.

Yanzu aikin da ta sa a gaba shi ne rabo. Ta sa an juye duk abin da ta ɗauka cikin shekarun nan, tana bi gida-gida da sanda tana miƙa wa kowane iyali nasu. Akwai waɗanda ba su da wani hoton uwarsu sai wannan. Waƙa kuma ba ta daina ba, sai dai harufan sun yi girma, baiti biyu ke cika shafi.

Ku matasa masu tasowa, yau kowannenku yana da kyamara a aljihu, kuma ba a rasa mai kuka a hanya. Kafin ku ɗaga hannu, ku tambaya. Bayan kun ɗauka, ku sake tambaya, domin wanda ya ce e a ranar zafi yana da ikon ya ce a'a idan ya huce. Ku kuma da kuke rubuta tarihin fim a ƙasar nan, hanyar Dumyat ba ta da nisa, matar tana raye, hankalinta garau, bakinta ma bai mutu ba. Kada ku jira sai an shimfiɗa tabarmi.

Na gode, Ustaza, da shekarun nan duka, har da wata bakwai da na ɓata mana. Matan Izba sun gode. Allah ya sanyaya idon, ya ƙara kwana masu albarka, ya sa abin da kika rufa wa mutane ya zama rufin asirinki.